Yadda Ake Duba Boila da Ruwan Zafi Kafin Sayen Gida a Ingila

Mu da muka taso a Kano ko Damagaram, in za mu duba gida, ruwa da wutar lantarki muke fara tambaya. A Ingila kuwa, abin da zai iya lashe maka dubban fam bayan ka tare yana ɓoye cikin wani kabad a kicin: boila, tukunyar da ke ɗumama ɗakuna da ruwan wanka. Da yawa kan zagaya gida da rani, lokacin tana hutawa, sai Disamba ta kama su gane abin da suka saya.

Fara da tambayar dillali wace iri ce. Wadda ake kira kombi ba ta da tanki, kana buɗe famfo take dafa ruwan. Ta wadatar da ƙaramin gida, amma mutum biyu suka buɗe shawa tare, ƙarfin ruwan sai ya ragu. Gidan da ke da yara, kowa na neman ruwan alwala da na wanka da asuba, a ganina mai tankin ruwan zafi ta fi masa.

Sai shekarunta. Yawanci boila kan yi shekara 10 zuwa 15 kafin ta gaji. Tun Afrilun 2005 doka ta ce sabuwar boilar gas sai mai sake amfani da zafin hayaƙinta, kuma ana gane ta da siririn bututun roba da ke zubar da ruwa daga ƙasanta. In babu shi, tsohuwa ce. Ka sa kuɗin sabuwa a lissafi, ka nemi ragi.

Nemi takardun duba ta na shekara-shekara, masu sa hannun injiniya mai rajistar Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas, wadda ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI a 2009. Duba kuma takardar EPC, wadda ke nuna yadda gida ke cin makamashi, mai matakai daga A zuwa G. Gidan da ke can ƙasa, wajen G, cin gas gare shi.

Yanzu ka ce a kunna ta a gabanka, ko da ana zafi. Kada ka ji nauyi, kuɗinka ne. Kafin a kunna, allurar awon ƙarfin ruwa ta kasance tsakanin 1 da 1.5. Bayan minti 15 ka bi ɗaki-ɗaki kana shafa radiyetoci, ƙarafan jikin bango da ruwan zafi ke bi ta cikinsu ya ɗumama ɗaki. Wadda samanta ya yi sanyi, iska ce ta maƙale, ɗan makulli ke fitar da ita. Wadda ƙasanta ne da sanyi, laka da tsatsa sun taru, sai an wanke bututun gidan gaba ɗaya, kuma wannan da tsada.

Wanda ya fi damuna shi ne harshen wutar. In ana ganinsa, shuɗi ya kamata ya zama. Ruwan ɗorawa, ko baƙin hayaƙi a jikin boilar, alamar iskar kabon monoksaid ce, wadda ba ta da wari ko kala, kuma tana kashe mutane cikin barci. Ka ga haka, kada a sa hannu sai injiniyanka ya duba, kuma daren farko da za ku kwana a gidan, na'urar gargaɗin wannan iska ta riga ku shiga.