Kurakuran da aka fi yi wajen kare tagogi daga zafin rana

Da ɗaki ya ɗau zafi, abin da yawancinmu ke yi shi ne mu sayo labule mai kauri mu rataya. Matsalar ita ce labulen yana ciki, kuma kafin rana ta iske shi ta riga ta ratsa gilashi. Labulen ne zai sha zafin, sannan ya sake shi cikin ɗakin. Inuwar da ke aiki ta waje ce: rumfa, ko bishiya, ko asabari da aka rataya ta waje da ɗan tazara yadda iska za ta riƙa wucewa. Idan dole sai labule, a zaɓi fari ko mai haske, ya fi mayar da rana.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne ɗaukar duk tagogi ɗaya. Tagar yamma ita ce mai laifi. Da la'asar rana ta sunkuyo, haskenta yana shigowa ne a kwance, don haka 'yar rumfar simintin nan da magina ke yi a saman taga ba ta tare komai. Bango ya sha zafi, ya yi ta fitar da shi har bayan isha'i, daidai lokacin da ake neman barci. Wannan tagar sai an tsayar mata da wani abu a gabanta, ko zana ce. Darbejiya ta fi, amma a ja da ita nesa da bango saboda saiwarta. Mai sabon gini kuwa ya rage girman tagar yamma tun daga zane.

Kada kuma a bar tagar arewa tsirara don an ce rana ba ta bi ta can. A Turai haka ne kusan. A Kano, daga ƙarshen Afrilu har cikin Agusta, rana tana karkata arewa da tsakar rana. Da yake tana can sama, gajeriyar rumfa ta wadatar.

Sai baƙin gilashi, wanda ake sa wa don gayu. Yana ɗaukar zafi, ya duhunta ɗaki har a kunna fitila da rana tsaka, ga AC na aiki. Tun da aka ƙara kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wutar lantarki, har ya kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, wannan asara ce a fili. Farin gilashi da inuwa ta waje sun fi ba da haske ba tare da zafi ba.