Matakan zaɓar wa Baba ƙaramin gidan kula da masu ciwon mantuwa a Ingila

A gida, tsoho yana hannun 'ya'ya da jikoki. Amma idan kana Ingila, kana fita aiki tun asuba, Baba kuma ya fara buɗe ƙofa da tsakar dare wai zai tafi kasuwar garinsu, neman taimako ba butulci ba ne.

1. Nemi ƙaramar hukumar yankinku ta auna buƙatunsa. Kyauta ne.

2. Karanta rahoton CQC, hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan gidaje a Ingila.

3. Ziyarci gidan sau biyu, na biyun ba tare da sanarwa ba, tsakanin la'asar da magariba. Lokacin ne masu wannan ciwo suka fi rikicewa, nan za ka ga halin ma'aikata. Idan wata tsohuwa ta tsaya bakin ƙofa rungume da jakarta tana kuka, ana zama a rarrashe ta, ko janye ta ake yi? Ni wannan ya fi mini kyawun gini muhimmanci.

4. Tambayi ma'aikata nawa ke kwana, ko akwai abincin halal, ko namiji ne zai yi masa wanka, da wanda zai tuna masa sallah.

5. Ga mai wannan ciwo, Turanci kan zube, Hausa ta saura. Rubuta wa ma'aikata "ruwa", "ciwo", "bayan gida" da ma'anarsu, a manna jikin gadonsa.

6. Nemi zaman gwaji na mako 2 kafin ka sa hannu.