Kurakuran da aka fi yi idan tsohuwar Fijo na shan iska ta ɓarauniyar hanya

Duk mai riƙe da Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, ya san wannan ciwo: da safe sai an ja cok, a tsaye injin na rawa, silo, wato juyin injin ba a taka totur ba, ya hau ya sauka, ana ɗaga ƙafa ta mutu. Sau da yawa kafireta, mai haɗa fetur da iska, lafiyarta ƙalau. Iska ce ke shiga ta wata kafa a bayanta, fetur ya yi wa injin kaɗan.

Babban kuskure shi ne a ɗauko sukundireba a kama murɗa sukurun mai. Motar za ta lafa, mai ita ya biya ya tafi yana murna, alhali an rufe ɓarna ne da ƙarin fetur. Ranar da aka toshe kafar kuwa, sai baƙin hayaƙi da fulogi masu kunkunniya, a koma zargin wanda ya yi gyaran gaskiya. A fara neman kafar. Ka sa guntun tiyo a kunne, ka bi gindin kafireta da bakin manifol, wato bututun da ke kai fetur da iska cikin injin, da ɗaya bakin tiyon, za ka ji tsaki siriri. Ko ka fesa ruwa kaɗan a wurin; in muryar injin ta sauya, ka kama ɓarawo. Masu fesa fetur a kan injin mai zafi da wuta suke wasa.

Ana kuma mantawa da birki. Tiyon da ya tashi daga manifol zuwa gangar da ke sauƙaƙa taka birki yakan tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Matse shi da filaya: in silo ya daidaita, laifin na can. Haka ƙaramin tiyon distiributa, wanda wasu ke cirewa su bar bakin a buɗe.

Sai masu ɗaure notocin kafireta da dukan ƙarfinsu. Gindinta ƙarfe ne mai taushi, lanƙwashewa yake, kafar ta ƙaru. Gam ɗin silikon ma fetur na cinye shi, sabon gasket kawai za a sa. In kuma sandar totur ta ci har tana girgiza a raminta, babu gasket ɗin da zai yi magani.

Hayaƙi ma a karanta shi daidai. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri bayan injin ya yi zafi ruwa ne, baƙi kaɗai ke nuna fetur ya yi yawa.

Mai agogon awon zuƙar injin ya nemi inci 17 zuwa 21 a silo, allura a tsaye. Amma duk hawan tudu na ƙafa 1,000 na rage kusan inci 1, don haka a Jos da ke kan tudu kada a buɗe lafiyayyen inji saboda ya nuna 15.