Yadda ake amfani da kalmar "wistful" a Turanci

Ɗalibi mai shirin WASSCE, idan ka ci karo da "wistful" a tambayoyin da ake neman kalma mafi kusa a ma'ana, kada hannunka ya yi saurin zuwa kan "eager". Wannan ɗoki ne, na mai sa ran samun abu gobe ko jibi. "Wistful" kuwa bege ne mai sanyi, gauraye da ɗan baƙin ciki, na abin da ya wuce ko wanda ka san da wuya ya zo hannunka.

Ɗauki wata tsohuwa a Aboabo, zaune a ƙofar gida tana kallon maniyyata ana rakiyarsu zuwa mota. Shekara da shekaru tana adashi, kuɗin kujera bai cika ba. Ba kuka take yi ba, ba ta kuma yi wa kowa hassada, sai dai ta bi su da ido, da ɗan murmushi. A nan ne za ka rubuta: "She gave the pilgrims a wistful smile." Kafin ka sa kalmar, duba abu uku: akwai so, abin ya yi nisa, mai son kuma yana cikin natsuwa. In ɗaya ya ɓace, nemi wata. Yaron da ke kewar gida a makarantar kwana "homesick" ne.

Wurin zamanta biyu ne. Ko dai kafin suna, musamman na kallo, murmushi da murya, kamar "a wistful look", ko bayan "look", "sound" da "feel". In za ka ambaci abin da ake begen, bi ta da "about": "He felt wistful about his childhood in Bawku." Kada ka ce "wistful to travel", wannan ginin na "eager" ne.

Ana yawan rikita ta da "wishful", don harafi ɗaya ne ya raba su. Ita "wishful" kusan kullum tare take da "thinking", wato mafarkin ido biyu, yaudarar kai. A rubutu, "l" ɗaya ce a ƙarshen "wistful", biyu a "wistfully". A furuci, ƙarfin murya yana kan gaɓar farko, kuma kada ka haɗiye "t" ɗin, domin shi ne zai hana mai sauraro ya ɗauka waccan kake nufi.