Kafin ka ɗora Linux ɗin Rasha ko ReactOS a laftof ɗinka, ga inda mutane suka fi zamewa

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoba 2025 na ga mutanenmu da yawa sun fara neman mafita, musamman masu laftof na hannu da Windows 11 taƙi hawa saboda babu TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro da take buƙata a cikin kwamfuta. Wasu sun tsaya a Ubuntu da Mint, nau'o'in Linux da aka fi sani, wasu kuma irina masu son tone-tone mun zarce har can Rasha, ALT Linux, ROSA, Astra, RED OS, Calculate, ga kuma su ReactOS da KolibriOS da Haiku waɗanda ma ba Linux bane kwata-kwata. Abu ne mai daɗi wlh, amma kurakuran da ake yi kusan iri ɗaya ne kullum, kuma yawancinsu tushensu ɗaya: mutum ya ɗauka Ubuntu ce ko Windows aka canza wa riga.

Mafi zafi shi ne ɗora sabon tsari kai tsaye a kan had disk ɗin kwamfutar da kake aiki da ita. Ni kaina ya taɓa cina, na zaɓi wajen da ke cewa a yi amfani da disk gaba ɗaya alhali rubutun da Rashanci yake ban gama fahimta ba, hotunan shekara uku suka tafi kuma har yau abin yana mini ciwo. Don Allah ka fara da VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfutar gwaji a cikin taka, kyauta ne, ka ware masa RAM kamar 2GB zuwa 4GB da fili 25GB ka gwada a ciki, in ya lalace ka goge ka sake babu abinda ya taɓa kayanka. Idan VirtualBox ɗin ya ƙi nuna maka zaɓin 64-bit ko yana ta kawo kuskure da ka kunna, ba ISO ɗin (fayil ɗin tsarin da ka sauke) bane ya lalace, shiga BIOS ka kunna VT-x in Intel ne, ko AMD-V wanda wasu allunan ke rubutawa SVM. In kuma dole sai ka ɗora a kan kwamfutar kanta ba cikin VirtualBox ba to ka kwashe fayilolinka a wani waje tukuna, ka rubuta makullin BitLocker ɗinka (abin da Windows ke kulle disk da shi) a takarda in Windows ɗin na da shi, kuma ka tabbata batir a cike yake ko janareta na kunne, domin a ɗauke wuta ana tsakiyar raba disk kashi-kashi (fatishan) ba ƙaramar masifa bace.

Sai maganar saukewa. Waɗannan ISO ɗin wasu sun haura 4GB, da irin netwok ɗinmu sai ya yanke a kashi 90 ko ya gama amma fayil ɗin da rauni a ciki, ka ƙona a filashi ya tsaya a rabin hanya ka zauna kana zagin Rashawa. Yi amfani da torrent in sun bayar, ko wget -c da ke ci gaba daga inda ya tsaya, sannan ka duba SHA256 ko MD5 ɗin da suka ajiye kusa da fayil ɗin, wato lambar da zaka gwada da ta naka ka tabbata ya sauka lafiya. Minti biyu ne. Kuma ka kalli sunan fayil ɗin da kyau, ALT misali suna fitar da na x86_64 da na aarch64 har da na e2k wato na injin Elbrus na Rasha, laftof ɗinka x86_64 yake so, sauran ko ka kwana kana gwadawa bazasu tashi ba. Wajen ƙonawa da Rufus, manhajar zuba ISO a filashi, in ya tambayeka ka zaɓi yanayin DD, yanayin ISO yana sake fasalin filashin kuma wasu daga cikinsu basa jure hakan.

Yanzu ga wanda ya fi ba mutane haushi, kuma kusan duk wanda ya gwada na Rasha sai ya faɗa ciki: kalmar sirri. Ka bar yaren instolin a Rashanci, kibod ɗin yana kan haruffan Sirilik na Rashanci baka sani ba tunda ɗigo-ɗigo kawai kake gani, ka rubuta kalmar sirrinka sau biyu ta karɓa, ka gama ka sake kunnawa, allon shiga kuma ya dawo haruffan boko, kalmar da ka tabbata daidai ce taƙi buɗewa. Gyaran tun a shafin farko ne, ka canza yare zuwa Turanci kafin ka danna komai, kuma ka leƙa kusurwar allo ka ga RU aka rubuta ko EN. Yawanci Alt da Shift ko Ctrl da Shift ke juya shi. In ka riga ka faɗa ramin, gwada juya kibod ɗin a allon shiga ka danna maɓallan da ka danna da farko, sau da yawa yana buɗewa. Haka agogo, in ka barshi a Mosko zai riƙa gaba da kai da awa biyu, ka zaɓi Legas ko Yamai.

Bari in daɗe kaɗan a kan ALT don shi na fi amfani da shi kuma shi ya fi ruɗa wanda ya taso a Ubuntu. Zaka ga apt-get, umarnin ɗora manhajoji da ka sani a Ubuntu, yana aiki sai ranka ya yi sanyi kace ai gida ne, to ba gida bane. ALT yana amfani da apt ne a kan fakitin RPM, kuma ba daga Debian ya fito ba kamar Ubuntu, yana da rumbun manhajojinsa na kansa mai suna Sisyphus da suke ginawa tun farkon shekarun 2000. Ma'ana fayil ɗin .deb da ka sauko da shi bazai shiga ba, PPA, wato ƙarin rumbunan manhaja na Ubuntu, babu shi a nan, kuma RPM ɗin Fedora ma ba lallai ya zauna lafiya ba duk da sunan ɗaya ne. Na ga wanda ya kwafo umarni daga wani darasin Ubuntu layi-layi yana mamakin me yasa komai ke ƙin yi. Abinda zaka yi shi ne ka zama root, wato mai cikakken iko a kan tsarin, da umarnin su - kuma ka kula da wannan ƴar sandar da ke bayan su, in ka barta wasu umarnin zasu ce babu su alhali suna nan. Daga nan apt-get update sai apt-get dist-upgrade. Kernel kuma, wato zuciyar tsarin, baya sabuntuwa da wannan, yana da nasa umarnin daban, update-kernel, mutane da yawa suna wata da watanni a kan tsohon kernel suna kukan Wi-Fi baya yi saboda basu san haka ba. Manhajojin waje irin su Chrome ko Telegram kuma akwai umarnin epm play da ke sauko da su. Sannan kar kaga sunan Sisyphus ya burgeka ka juya rumbunka can, wannan na masu gini ne kullum canzawa yake, ka tsaya a reshe mai lamba irin p10 ko p11.

Astra shi daga Debian ya fito, fuskar allonsa (desktop) sunanta Fly, amma nan ma kar ka cusa masa rumbun Debian kai tsaye kana dist-upgrade, zaka haɗa fakitin da basu san juna ba. Calculate kuwa Gentoo ne a ƙasa, in baka taɓa jin emerge ba, umarninsa na ɗora manhaja, ka bari sai ka ɗan kwana biyu a harkar.

Wani abu da ban cika jin ana faɗa ba shi ne lasisi. Mutane na jin Linux sai su ɗauka komai kyauta ne ga kowa. Astra Linux Special Edition kaya ne na sayarwa, an gina shi ne don ma'aikatun gwamnati da sojan Rasha. ALT Workstation kyauta ne ga mutum a gidansa amma kamfani ko ofis sai ya sayi lasisi, Simply Linux ne nasu da aka sake wa kowa, kuma gsky shi nake ba mai tsohuwar kwamfuta shawara ya fara da shi don fuskar allonsa Xfce ce, bashi da nauyi. To in kana da shagon kwamfuta ko makaranta kana shirin ɗora wa injina 20, karanta sharaɗin tukuna.

ReactOS kuma labarinsa daban. Ana yawan jingina shi da Rasha saboda akwai Rashawa sosai a masu gina shi, amma aikin na mutanen ƙasashe da yawa ne, tun 1998 ake kai kuma har yanzu a matakin alpha yake, wato gwajin farko, lambarsa bata wuce 0.4 ba. Burinsa ya gudanar da manhajoji da direbobin Windows, amma Windows ɗin zamanin Server 2003 da XP. Kuskuren shi ne mutum ya ji ance Windows ce kyauta ya goge tasa ya ɗora, sannan ya nemi sabon Chrome ko sabon Office, bazasu yi ba. A VirtualBox ka zaɓi nau'in Windows 2003 na 32-bit, kar ka kunna EFI, ka bar shi ya yi fomatin disk ɗin da FAT32, manhaja kuma ka ɗauko daga manajan manhajojin da ya zo da shi tunda waɗancan an gwada su. Ina ƙaunar aikin nan sosai, ganin tsohuwar manhajar Windows ta buɗe a kan tsarin da ƴan sa kai suka rubuta daga tushe abu ne mai taɓa zuciya, amma kar ka ajiye aikin ofis a ciki.

KolibriOS ƙarami ne har yana shiga faifan 1.44MB, da assembly, yaren da ya fi kusa da na injin kansa, aka rubuta shi, ya ɓalle daga MenuetOS a 2004, kafin ka ƙifta ido ya tashi. Na koyo ne da wasa, ba na shiga Facebook ba. Haiku shi ba na Rasha bane, magajin BeOS ne, yana da sauri da tsafta amma har yanzu beta ne, asusun mutum ɗaya kawai yake da shi babu allon kalmar sirri, kuma ba kowane katin Wi-Fi yake gani ba, saboda haka ka tashe shi daga filashi ka gwada sauti da intanet kafin ka yanke hukunci, in akwai wayar LAN kusa ka riƙe ta.

Na kusa mantawa da haruffanmu. Da yawa suna gama saitin komai sai su zo rubuta ƙ da ɗ da ɓ su rasa, su koma kwafowa daga intanet ɗaya-ɗaya ko su ce ai na Rasha ne bai san Hausa ba. Ya sani. A duk waɗannan Linux ɗin akwai kibod na Najeriya mai nau'in Hausa a cikin saitin kibod, ka shiga ka ƙara shi kusa da na Turanci, ko in kana kan X11 (tsohon tsarin nuna allo na Linux) ka buɗe tasha, wato terminal, ka rubuta setxkbmap ng hausa. Wannan umarnin yana gushewa da ka kashe kwamfutar, don haka ta cikin saitin ya fi, kuma tunda kana wajen ka cire na Rashancin gaba ɗaya in ba karanta shi kake ba, kar wata rana hannunka ya taɓa Alt da Shift a allon shiga.