Darasi: Gwarancin Jariri da Koyon Magana

Kafin yaro ya furta kalmarsa ta farko, sai ya shafe watanni yana gwada bakinsa. Wannan gwajin shi ne gwaranci.

Jariri ɗan wata 2 zuwa 3, idan ya ƙoshi ya sake, za ku ji yana "aa", "uu". Wajen wata 4 sai dariya da ƙara da hura leɓe. Tsakanin wata 6 da 10 ne yake haɗa baƙi da wasali yana maimaitawa: ba-ba-ba, ma-ma-ma, da-da-da. "B" da "m" suna zuwa da wuri domin rufe leɓe da buɗewa kawai suke bukata. Irin su "r" da "ts" sai can gaba, bayan harshe ya ƙware.

Baki da kunne tare suke wannan aiki. Jariri ya yi sauti, ya ji da kunnensa, ya gwada shi da abin da yake ji a bakin manya, ya gyara. Shi ya sa zuwa wata 10 ko 12 gwarancinsa ke hawa da sauka kamar yaren gidansu, har ka rantse tambaya yake yi. Kalmar farko takan fito wajen shekara 1.

Idan ya ce "ba-ba" a wata 7, bai san yana kiran kowa ba tukuna. Amsawarku ce za ta ba sautin ma'ana. Ku riƙe shi yana kallon fuskarku, ku maimaita abin da ya faɗa, sannan ku yi shiru, ku ƙirga biyar a zuci. Wannan shirun yana da muhimmanci ƙwarai, kuma shi aka fi mantawa: a cikinsa yake koyon cewa magana karɓa-karɓa ce. Idan ya ƙura wa abu ido, ku faɗi sunansa a hankali, sau biyu ko uku. Lokacin wanka da canza kaya ya isa wannan.

Talabijin da waya ba sa jiran jariri ya amsa, don haka ba sa koya masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a bar yaron da bai kai shekara 1 ba yana kallon su. Yare biyu a gida kuwa ba ya hana magana.

Jaririn da ba ya ji sosai yakan yi "aa" da dariya kamar kowa, abin da ke sa iyaye su daɗe ba su gane ba. Bambancin yana fitowa a ba-ba-ba. Idan ya cika wata 10 bai fara ba, ko ya fara ya daina, ko ba ya waiwayowa idan an kira shi daga baya, ku kai shi asibiti a gwada jinsa. Wani lokaci ruwa ne ya taru a cikin kunne bayan mura, kuma likita na iya magance shi. Kada ku ɗiga masa komai a kunne kafin a duba.