Babi na 6: Idan Hukuma Ta Nemi Ra'ayinmu

Darasi na 1

Iyayena da yayyena, tun 1993 Nijar take da dokar karkara, kuma ita ta kafa kwamitocin filaye har zuwa ƙauye. Idan za a shata burtali ko a sake tsarin mashaya, ana kiran manomi da makiyayi a saurare su. Takardar da ake kawowa taron daftari ce, wato ba a sa mata hannu ba tukuna, ana iya gyara ta. Ku saurari sanarwa a rediyo ko wurin mai gari. Ku riƙe rana, da wuri, da ranar rufe karɓar ra'ayi. Idan takardar da Faransanci take, ku ce a fassara da Hausa ko Tamajaq. Haƙƙinku ne, ba roƙo ba.

Darasi na 2

Nan ne ake tuntuɓe. Mutum ya miƙe a ma'aikatar magajin garin Tawa, ya yi magana mai ma'ana, a tafa masa, ya koma gida. Washegari babu ita a ko'ina, domin ba a rubuta ba.

Ga yadda ake yi. Faɗi sunanka da unguwarku. Faɗi abu ɗaya: "Burtalin zai ratsa gonar albasata ta gabas, a matsa shi bayan rijiya." Sannan ka dubi sakatare ka ce: "Malam, a rubuta." Ka jira ya ajiye alƙalami. Ka ce: "Karanta mini." Sai ka ji maganarka da kunnenka kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa.

Mu sake. A rubuta, a karanta, sannan yatsa. Inna, ke ma haka, ko da muryarki na rawa, ba komai. Ku yi bibbiyu, ɗaya sakatare ɗaya mai magana, sannan ku musanya.

Har yanzu wasu suna miƙa yatsa tun ba a buɗe littafin ba! Haba! Kunyar me? Wanda ya dangwala a kan abin da bai ji ba, ya amince da shi ke nan. A karanta tukuna.

Darasi na 3

Bayan taro, ku koma ku tambayi abin da aka gyara, da dalilin ƙin sauran.

Darasi na 4

Aikin gida: rubuta ra'ayinka a layi biyu.